Littafi Ya Matso, Karatu Ya Yi Nisa

Nasiha ga jama'ar masallatai a kan wayar salula da amanar ilimi

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu da karatu, Ya ɗaukaka darajar ma'abuta sani, Ya kuma sanya ji da gani da harshe su zama amana a wuyan bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, muna yi wa kanmu wasiyya da jin tsoron Allah, sa'an nan muna yi muku. Duk wanda yake halartar jam'i a Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san abin da za mu faɗa. Liman bai gama juyo da fuskarsa ba bayan sallama, hannaye sun riga sun shiga aljihu. A kusurwar masallacin nan kuwa akwai kanta ko akwatin littattafai da wani bawan Allah ya yi wakafinsu shekaru da dama, ƙura ta lulluɓe su, mabuɗin ma an manta wanda ke riƙe da shi. Wannan shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan wayar salula da intanet da dandalolin sada zumunta, da abin da suka yi wa taskokin littattafanmu da zaman gidajenmu. Ba mu zo haramta wani ƙarfe ba, domin ƙarfe ba ya da lada kuma ba ya da zunubi. Mun zo ne mu tunatar cewa littafi ya matso kusa da mu fiye da kowane zamani, amma ladubban da ake ɗaukar ilimi da su an baro su a baya, kuma wajibi ne mu koma mu ɗauko su.

Yadda magabata suka riƙe littafi

Wahayin farko da ya sauka a kogon Hira umarni ne da karatu, kuma a cikin ayoyin nan biyar na farkon Suratul Alaƙ aka ambaci alƙalami. Tun daga ranar al'ummar nan ta zama al'ummar littafi. Sai dai sahabbai ba su ɗauki rubutu shi kaɗai a matsayin hujja ba. Lokacin da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) aikin tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, Zaidu mahaddaci ne kuma marubucin wahayi, amma bai dogara da haddarsa kaɗai ba. Ya bi abin da aka rubuta a jikin zarban dabino da fale-falen duwatsu, ya gwama da abin da ke cikin ƙirazan mazaje. Rubutu ya shaidi hadda, hadda ta shaidi rubutu.

Imam Buhari ya ambaci cewa Jabiru ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu (R.A.) saboda hadisi ɗaya tak. A cikin gabatarwar Sahihinsa, Imam Muslim ya kawo gargaɗin Muhammadu ɗan Sirin cewa ilimin nan addini ne, don haka mutum ya duba wurin wa yake karɓarsa. Ya kuma kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta hannunsu, yanki ne na addini, domin in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama.

Wannan tarbiyya ta iso ƙasashenmu. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627, an kama shi an tafi da shi Marrakish bayan da rundunar Maroko ta ci Songai a 1591. Daga cikin abin da ya koka a kai har da littattafansa 1600 da aka wawashe, kuma an ruwaito cewa taskarsa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Marata, cikin jihar Tawa ta yau, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas domin neman ilimi. Ƙanensa Malam Abdullahi ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu.

Dattawanmu da suka yi zaman zaure sun san wannan da idonsu. Ɗalibi yana fara Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sai mai rabo ya kai Muhtasar na Halilu. Ba a tsallake. Ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassara, in ya yi tuntuɓe a wasali ɗaya a tsayar da shi. Wanda ba ya da littafi sai ya ara ya kwafa da hannunsa, da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya kare da addu'a ga marubuci da mai littafi da iyayensu, ya sa cikin gafaka ya rataye nesa da raɓa. Littafi a lokacin yana da tsada, saboda haka ana girmama shi; kuma ba ya tafiya shi kaɗai, kullum da malami a gefensa.

Ni'imar da ba za mu yi wa butulci ba

Adalci ya wajabta mu faɗi alherin da ya zo, domin rashin godiya ga ni'ima shi ne mafarin gushewarta. Mun ga zamanin da ɗalibi zai jira alhazai su dawo daga Makka, ko ya yi tattaki zuwa kasuwar Kurmi a Kano, kafin ya mallaki Fathul Bari ko Tafsirin Ƙurɗubi. Mun ga shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da ƙungiyoyin addini suka yawaita, kaset ɗin wa'azi ya cika kasuwanni da tashoshin mota. A farkon shekarun 2000 salula ta shigo. Facebook ya bayyana a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, daga baya TikTok ya biyo. A shekarar 2005 ne kuma aka fara sakin manhajar nan ta Maktabatush Shamila, wadda ta tara dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga a wuri ɗaya, kyauta. Abin da Ahmad Baba ya tara a tsawon rayuwarsa, yau ɗalibi a Madawa ko Mirya yana iya ɗaukar ninkinsa a cikin aljihun rigarsa.

Matar da ke cikin gida, wadda hidima ba ta barin ta fita, tana jin darasin tsarki da salla tana tuƙa tuwo. Tsohon da idonsa ya yi rauni yana sauraron ƙira'a. Wanda bai shiga lakwal ba, bai iya boko ba, yana aika saƙon murya ya gaida mahaifiyarsa daga Abijan ko Agadas. Ɗan ci-rani yana bin tafsirin watan azumi na masallacin unguwarsu kamar yana zaune a sahun gaba.

Har tsofaffin rubuce-rubucen hannu sun amfana. A watan Janairu na 2013, masu ɗauke da makamai sun ƙona kimanin littattafai 4000 a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbutu. Allah Ya sa iyalan garin, tare da Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa, sun fitar da sama da 300,000 a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. An ɗauki hotunan da yawa daga cikinsu shafi bayan shafi, kuma a 2022 aka ɗora sama da shafuka 40,000 a intanet, kowa na iya gani. Wannan aiki ne na alheri, kuma da irin na'urorin da ke hannunmu aka yi shi.

To, in haka ne, ina matsalar take?

Abin da ya faɗi a hanya

Abu na farko da ya faɗi shi ne malami. Littafin ya iso, amma wanda zai buɗe shi bai iso tare da shi ba. Yaro ya buga kalma ɗaya a cikin na'ura, ta fito masa da hadisi, bai san ingantacce ba ne ko mai rauni, bai san ko akwai wani nassin da ya keɓance shi ba, bai san yadda Imam Malik da sauran malamai suka fahimce shi ba, gobe da asuba ya tashi yana gyara wa liman ɗan shekara saba'in salla. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana yadda ilimi zai gushe: da mutuwar malamai ne, har mutane su naɗa jahilai shugabanni, a tambaye su su ba da fatawa ba da sani ba, su ɓace su ɓatar. Ku lura, ƴan'uwa, hadisin bai ambaci ƙarewar littattafai ba. Ana iya samun littafi a kowane aljihu alhali ilimi ya tafi.

An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, shi da ake yi wa laƙabi da Limamin Gidan Hijira. Yau kuwa a cikin zaurukan WhatsApp, tambaya a kan saki ko gado ba ta yin minti biyar sai ta samu amsa goma, kuma babu ɗaya daga cikin masu amsar da ya taɓa karanta babin a gaban malami. Aure nawa aka raba, ko aka ci gaba da zama a kan haram, saboda irin wannan amsa? Gado nawa aka raba ba daidai ba?

Abu na biyu shi ne cikar magana. Malami ya yi karatun sa'a biyu, wani ya yanko daƙiƙa talatin, ya cire sharaɗi, ya cire abin da ya gabata da abin da ya biyo, ya liƙa masa take mai tunzura zuciya, ya saki. Almajiran wani malamin su yanko nasu su mayar da martani. Kafin sati ya zagayo, mutanen da suke salla a sahu ɗaya, suke aurar da ƴaƴansu ga juna, sun daina gaisawa. Ya kamata mu san yadda abin yake aiki. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandaloli da talla suke samun kuɗi, kuma talla tana tsada ne gwargwadon daɗewar idon mutum a kan allon waya. Saboda haka an gina na'urorinsu su lura da abin da ke tsayar da kai, su ƙaro maka irinsa. Abin da ya fi tsayar da ɗan Adam kuwa shi ne fushi da tsoro da sha'awa da abin dariya. Darasin farillan alwala ba ya tayar da ƙura, zagin malami yana tayarwa. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa yawan mabiya ba shaidar ilimi ba ne, kuma bidiyon da ya fi yawo ba shi ne ya fi gaskiya ba.

Tun daga ƙarshen 2022 kuma wata sabuwar jarrabawa ta ƙaru, wato na'urorin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya kamar mutum. Suna da amfani a wurare da dama, amma masu ƙera su da kansu sun yi gargaɗin cewa suna yin kuskure. Sukan ƙago magana su jingina ta ga littafin da ba ta cikinsa, da lambar shafi, cikin lafazi mai daɗi. Akwai kuma masu kwaikwayon murya da fuska, har a sa wa malami maganar da bai taɓa yi ba. Da mukan ce gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika.

Abu na uku shi ne natsuwa. Karatu yana son haƙuri, a zauna da shafi ɗaya a maimaita har ya zauna. Idon da ya saba da sabon hoto duk bayan daƙiƙa goma ba ya jure shafi biyar. Malaman makarantun allo da na lakwal duk suna kuka da wannan. Mun tara littattafai ɗari a cikin waya, ba mu sauke ko ɗaya ba.

Yaɗa abin da ba a tabbatar ba

Ya ku bayin Allah, a nan ne hatsarin ya fi girma, domin ya shafi mutunci da jini. A cikin aya ta 6 ta Suratul Hujurat, Allah Ya umarci muminai da su bincika labarin da fasiƙi ya kawo, don kada su cutar da wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri sun ambaci cewa ayar ta sauka ne a kan labarin da aka kawo cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa ɗaura musu yaƙi, alhali ba haka ba ne. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i an hana mutum bin abin da ba ya da sani a kansa, aka kuma sanar da shi cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne.

Ku tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (R.A.). Munafuki ne ya ƙago shi, amma ba munafukai kaɗai suka yaɗa shi ba. Har Misɗahu, sahabin da ya halarci Badar, ɗan'uwan Sayyidina Abubakar wanda yake ciyarwa, ya faɗa ciki. Madina ta yi kusan wata guda cikin ƙunci kafin ayoyin Suratun Nur su sauka su wanke ta. A cikin ayoyin Allah Ya zargi masu karɓar magana daga harshe zuwa harshe ba tare da sani ba, suna ɗaukar abin ƙarami alhali babba ne a wurinSa. Wanda ya danna yatsa ya tura saƙo gaba bai ƙago ƙaryar ba, amma ya zama ƙafar da take tafiya da ita. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Akwai kuma hadisin Samuratu ɗan Jundubu (R.A.) a cikin Buhari, a kan mafarkin da aka nuna wa Annabi (S.A.W.). A ciki ya ga wani mutum ana tsaga masa gefen baki har zuwa ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, in an gama da ɓangare ɗaya ya warke a koma ɗayan. Aka sanar da shi cewa mutumin nan shi ne mai fita daga gidansa da safe ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. Magabata sun yi imani da hadisin ba tare da sun ga yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta kai ko'ina a yini guda ba. Mu mun gani. Ba ma sai ya fita daga gida ba, yana kwance a kan tabarmarsa.

Kada wani ya ce wasa ne. A ƙasar Indiya, a 2017 da 2018, an kashe mutane da dama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, saboda saƙonnin WhatsApp da ke cewa ɓarayin yara sun shigo gari. Abin ya kai kamfanin da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar ga duniya duka a 2019, ya ƙara tsananta ta a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da magungunan ƙarya suka cika wayoyi. A nan Nijar an kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, aka kuma tsananta hukuncinta a 2024. In kamfani mai neman riba da hukumar duniya sun ga hatsarin, mai imani da ranar hisabi ya fi cancantar ya gan shi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Daga cikin wannan babi akwai saƙonnin da ake cewa duk wanda ya tura wa mutum goma zai ji albishir, wanda ya ƙi kuma musiba za ta same shi. Wannan ƙarya ce ga Allah da ManzonSa, kuma hadisi mutawatiri ya yi wa mai yi wa Annabi (S.A.W.) ƙarya da gangan alkawarin mazauni a wuta. Haka nan ɗaukar hoton wanda ya yi haɗari yana kwance cikin jini, ko gawa, ko matar da asirinta ya tonu, a watsa. Sau nawa uwa ta fara ganin gawar ɗanta a waya kafin dattawa su iso su yi mata ta'aziyya cikin ladabi? Addininmu ya yi umarni da rufa asirin musulmi, rayayye da matacce.

Cikin gida da fada

Ku dubi gidajenmu bayan isha'i. Maigida da wayarsa, uwargida da tata, yara sun kewaye ta yayansu. Tatsuniya ta mutu, tilawar dare ta ragu, hirar da miji ke yi da iyalinsa ta koma jira har kuran ya ɗauke ko caji ya ƙare. A fada, samari shida sun kewaye butar shayi, kowa ya sunkuyar da kai. Saurayin da ya raba dare yana kallo ba zai ji kiran asuba ba. Magidancin da zai ce ba ya da jika biyu na littafin ɗansa, ya lissafa abin da ya zuba a kiredi cikin wata. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A.) cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da yawancin mutane suke tafka hasara a cikinsu, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa za a tambayi bawa a kan rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita. Waya da kanta tana ƙirga sa'o'in da muka yi a kanta kowace rana. Kowa ya buɗe ya duba, ya gwada da mintocin da ya ba Alƙur'ani.

Yara kuwa abin da suka ga muna yi shi suke yi. Uban da ɗansa bai taɓa ganin shi riƙe da littafi ba, ba ya da bakin cewa yaran zamani ba sa karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Taskokin da ke ruɓewa a ɗakunanmu

Yayin da idanunmu suke kan waya, akwai amanar da take lalacewa a bayanmu. A gidajen malamai da yawa a Damagaram da Gobir da Adar da Katsinar Maraɗi akwai gafakoki cike da rubutun kakanni: Alƙur'anai na hannu, fiƙihu da nahawu, wasiƙun alƙalai, tarihin zuri'a, waƙoƙin wa'azi da ajami. Gara tana ci, ɓera yana ci. In malam ya rasu, magada su raba littafi ɗaya gida uku, ko a sayar wa baƙo da kuɗi kaɗan, ko a kulle ɗakin a ce albarka ce, ba mai buɗewa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta rusa dubban gidaje, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Ruwan da ya kayar da katangar masallaci ba zai ji tausayin takarda ba.

Akwai inda za a nemi taimako. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, cibiyar binciken IRSH tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, mai ɗauke da kimanin littattafai 4000, wanda tushensa tarin da marigayi Bubu Hama ya faro ne. Akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta buɗe a 1986. A nan ne wayar da muke kuka da ita za ta zama bawa mai amfani: jikan da ya iya ɗaukar hoton kansa sau ashirin a yini, zai iya ɗaukar hoton littafin kakansa shafi bayan shafi.

Abin da muke kira gare shi

1. Kowane masallaci ya buɗe akwatin littattafansa, a kakkaɓe, a rubuta sunayensu a kaye, a naɗa amintaccen saurayi mai kula da aro da mayarwa. Masu hali su yi wakafin littattafai, da na addini da na lakwal, domin yaran unguwa su samu wurin bita. Muslim ya ruwaito cewa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna cikin abin da ladarsa ba ta yankewa bayan mutuwa.

2. A raya karatun littafi daga farko zuwa ƙarshe a gaban malami, tsakanin magariba da isha'i, ko da sau biyu ne a sati. Mata su ma a ware musu lokaci da malama. Wanda ya saukar da Risala a wayarsa ya zo da ita zaure a biya masa.

3. Kafin mu tura kowane saƙo, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, a ina, kuma mun ji maganar cikakkiya? In mun tabbatar, mu sake tambaya ko yaɗa shi zai gyara ko zai ɓata. In muka yi shakka, saƙon ya mutu a hannunmu. Wanda ya riga ya yaɗa ƙarya ya koma inda ya yaɗa ta ya warware, ya nemi yafewar wanda ya zalunta, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

4. Mas'alolin aure da saki da gado da ciniki a kai su ga malamin da aka san inda ya yi karatu, a zauna gaba da gaba, ya ji ɓangarori duka.

5. Malamai masu wa'azi a intanet su ji tsoron Allah a kan mabiyansu. Su ambaci littafin da suka ɗauko magana, su hana almajiransu zagi da sunansu, su saki karatu cikakke.

6. A kashe waya ko a rufe bakinta kafin shiga masallaci. Ranar Juma'a, liman yana huɗuba, mai latsa waya ya tuna cewa hadisi ya ƙirga ko wasa da tsakuwa a cikin yasassun ayyuka.

7. Kowane gida ya sa lokacin da ake ajiye wayoyi gaba ɗaya, maigida ne farkon ajiyewa, a karanta ko shafi ɗaya ne tare.

8. Iyalan da suke da rubutun kakanni su fitar da shi daga ƙasa, su ɗaga shi sama nesa da raɓa, su ɗauki hotonsa, su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kuma kada a yayyaga littafi wajen rabon gado.

Ƴan'uwa, zamani ba ya komawa baya, kuma ba mu roƙi Allah Ya mayar da mu zamanin da ɗalibi ke kwana yana kukan rashin littafi ba. Waɗanda suka gabace mu sun samu kaɗan suka riƙe shi da kyau har ya iso gare mu. Mu an ba mu da yawa, kuma gwargwadon abin da aka ba bawa ake tambayarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ya Allah Ka sanar da mu abin da zai amfane mu, Ka amfanar da mu da abin da Ka sanar da mu. Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga cin mutuncin bayinKa. Ka jiƙan malamanmu da iyayenmu da duk wanda ya rubuta harafi ɗaya domin mu karanta. Ka shirya mana zuri'armu, Ka haɗa kan musulmi, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ka ba mu damina mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.